Ƙasar Tafashiya a Aljihun Rigata

Jama'a masu bin labarina, ina gaisuwa. Yau zan faɗi abin da ya faru tsakanina da mahaifin Sa'a, kuma zan faɗe shi yadda yake, har da wurin da na yi wauta. Mai dariya ya yi, ni ma na yi.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Ashiru, walda nake yi a Kankia, shekarata arba'in da shida. Matata Jamilatu ta rasu shekara uku ke nan, Allah ya ji ƙanta. Bayan rasuwarta na yi ƙiba, jinina ya hau, likita ya ce ko in motsa jiki ko in bi ta. Haka ya faɗa min a fuska. Shi ne na sayi keken tsere na gwanjo, tayarsa siririya kamar yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, babu ko wurin ɗaura kaya. Duk Lahadi ni da abokina Ɗalha, malamin firamare, mukan fita bayan asuba mu yi ta tuƙi, wata rana Kunduru, wata rana Kusada, mu juyo. Ba saye, ba sayarwa. Yawo kawai.

Ita kuwa Sa'a 'yar Kaikai ce, mijinta ya rasu, tana gidan mahaifinta tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Hannun injin niƙanta ne ya karye ta kawo min shago. Na liƙe, ta juya shi ta ce ya yi muni. Na ce, "Kyau kike so ko ƙarfi?" Ta ce, "Mai sana'a duka biyun yake yi." Tun ranar ban sake samun natsuwa ba. Wata huɗu muna waya. Abu ɗaya ya rage: Malam Sada, mahaifinta, bai ce in turo magabata ba, bai kuma ce kar in turo ba.

Ranar Juma'a da yamma saƙonta ya shigo:

"Baba ya ce ka zo jibi da hantsi. Wai a kan keken nan da ake ba shi labari."

Na tura mata murya, don ni rubutun waya na ba ni wahala: "A kan keke? Kin tabbata ba ki ji shi a karkace ba?"

"Kunnena ƙalau. An ce masa akwai wani ƙato da ke wucewa duk Lahadi da hular kwano, ba kaya ba aike. Ya ce yana so ya ga ko lafiyarka ɗaya."

Da na kai wa Yaya Adama labari, ita ce babbarmu, ita ke riƙe da ni tun rasuwar mahaifiyarmu, sai ta ajiye tsintsiya ta riƙe baki.

"Ashiru, mi na yi maka? Shekara uku ina roƙon Allah shi ba ka mata, an samu, za ka je gaida surukai da rigar nan mai kalar aku?"

"Shi ya ce."

"Ya ce keke, bai ce ka tafi tsirara ba! Wandon nan da ke manne maka kamar fata, wallahi in ka sa shi ni ba 'yar'uwarka ba ce."

Ta shiga ɗaka ta fito da shaddata ruwan toka wadda ta kai aka buga, tana ƙamshin turaren wuta, da hula zanna da ta wanke ta kafa a kan kwano. Muka yi ta ja. Ƙarshe aka sasanta: in sa dogon wando a kan guntun, in naɗe ƙafar dama da roba kar sarƙa ta kama, shadda da hula kuma a leda in goya a baya, in na kusa gari in sa.

Asabar da almuru hadari ya taso ta gabas, aka yi iska, aka ɗan yayyafa a Kankia, ya wuce. Lahadi muka fito gari ya yi sanyi mai daɗi. Wanda bai taɓa tuƙa keke da sassafe a ƙarshen bazara ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kwalta ta wanku ta yi baƙi, taya na kuka a hankali, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hanci har ƙirji. Shamuwa sun iso, suna tsaye a kan kuka kamar masu jiran mota. Gonaki a share, an jera tulin taki, hayaƙin kara na tashi can nesa. Mangwaro ya nuna har yana faɗowa bakin hanya. Ɗalha na gaba yana tsokanata.

"Ango, taka mana! Ko ledar ce ta yi maka nauyi?"

"Malam, kai dai ka ji da tumbinka."

Na taka. Na wuce shi kamar yana tsaye. Iska na bayanmu tana tura mu, wayar da na ɗaure a kan keke ta nuna gudun kilomita talatin da huɗu a awa. Ban taɓa kai haka ba. Na yi ihu ni kaɗai kamar yaro. Wallahi na manta da inda za ni.

A bayan wata tsamiya kusa da Kaikai na zura shadda a kan rigar keke, na kafa hula. Ɗalha ya ce zai jira ni wurin mai shayi.

Malam Sada na zaune a kan buzu ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafafu, gwiwoyinsa duk sun kumbura. Tsoho ne siriri, gemu fari, ido kamar na shaho. Na jingine keke, na cire takalmi, na durƙusa na kwashi gaisuwa. Ya amsa yana kallon keken.

"Wanga shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ina ake aza buhu?"

"Ba a azawa."

"To mi ake yi da shi?"

"Motsa jini. Da ganin gari."

"Ganin gari," ya ce, yana gyaɗa kai. "Madalla. Ta ina ka biyo?"

"Mun ratso ta Tafashiya."

Nan take ya gyara zama, fuskarsa ta canja.

"Alhamdu lillahi. Ina da gona can, gadon uwata. Ƙafa ta hana ni zuwa. Na buga waya, kowa ka tambaya sai shi ce an yi ruwa, an yi ruwa. Waya ba ta kawo ƙasa. Kai da ka taho ta wurin da idonka, ruwan jiya ya kai na shuka?"

Jama'a, ku ji amsar da na bayar.

"Hanya dai... ta jiƙe, Baba."

"Hanya nika shukawa? Ka ga mutane cikin gona da sungumi?"

"Ban lura ba."

"Ruwa ya kwanta cikin kunya, ko ya shanye?"

"Ban lura ba."

"To mi ka gani?"

Shaiɗan ya ja bakina na ce, "Na yi gudun talatin da huɗu."

Daga cikin zaure na ji wata ta toshe dariya, na san kuma ko wace ce.

"Malam Ashiru," ya ce, "ka ratsa gona ta fi ɗari ba ka ga ko ɗaya ba, kuma ka ce ganin gari ka fito. Ɗiyata ba mai yawan magana ba ce in abu na damunta. Wancan mijin nata, Allah shi ji ƙansa, da ido yake gane ba ta da lafiya. Kai in ta kwana uku tana ciwo, ina jin sai ka ce ba ka lura ba. Ka gaida gida."

Shi ke nan. Ko ruwa ban sha ba.

A hanyar komawa iskar da ta tura mu da safe ta dawo tana dukan ƙirji, rana ta buɗe, guguwa na tashi a gonaki. Ɗalha ya yi dariya har sai da ya sauka daga keke ya riƙe ciki. Ni ban yi ba. Maganar tsohon ta soke ni, don gaskiya ce. Jamilatu ta yi wata biyu tana ramewa kafin in gane. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Da la'asar Sa'a ta rubuto:

"Talatin da huɗu! Sannu da ƙoƙari."

"Ke ma dariya kike?"

"Na yi, har na ƙware. Amma ka ji: bai ce a'a ba. Baba in ya ƙi mutum ba ya yi masa faɗa, addu'a yake masa ya sallame shi. Damuwarsa gonar nan ce. Irin geron da zai shuka can nasa ne na gado, tun na kakansa, bana kwano shida kacal ya rage. In ya ƙone a ƙasa ya ƙare ke nan."

Kwana uku ina walda ina kallon sama. Litinin zafi kamar a cire fata. Talata hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta watsar da shi. Laraba aka yi ruwa kafin asuba, na ji shi a kan kwano. Ina sallame sallar asuba na ɗauki keke, ban nemi Ɗalha ba, yana makaranta. Ban ɗauki shadda ba. Leda uku na zuba a aljihu.

Rigar keke aljihunta a baya suke, guda uku a jere. Mutane na sa ayaba da dabino. Ni na ce yau ƙasa za su ɗauka.

A hankali na tuƙa, ina waige kamar ɓarawo. Sai ga abubuwa da na shekara biyu ina wucewa ban san da su ba. Gina ta fashe daga suri, kaji na tsalle suna cafkewa. Gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa na toho. Wani wuri ruwa ya kwanta, ka ƙara gaba kaɗan ƙasa a bushe kamar an ja layi. Na tsaya bayan Kankia na ɗebi ƙasa, aljihun hagu. Na tsaya Tafashiya daidai kan gonar da Sa'a ta kwatanta min, mai kuka biyu a jere, na tsuguna bakin hanya na tura hannu. Ƙasa ta karɓe shi har wuyan hannu, sanyi ƙalau. Na cika leda, aljihun tsakiya. Ta uku kusa da Kusada.

Na iske Malam Sada inda na bar shi. Ya dubi rigata, kore da ruwan ɗorawa, ya kau da kai yana istigfari. Na gaishe shi, na juya hannu baya na zaro ledojin ɗaya bayan ɗaya na jera a gabansa.

"Mi ne ne wannan?"

"Kun ce waya ba ta kawo ƙasa. Ga ta Kankia, ga ta Kusada, ga ta gonarku."

Ya kwance ta Kankia ya dunƙula, ta wargaje. Ta Kusada ma haka. Ya kwance ta tsakiya ya matse a tafinsa, ya buɗe. Ta tsaya dunƙule, da shatin yatsunsa a jiki. Ya kai hanci ya shaƙa. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Har ina hannunka ya shiga?"

"Har nan." Na nuna wuyan hannu.

"Allahu akbar. Sa'a! Ki fiddo irin nan. A kira masu sungumi, in an yi azahar su tafi da babur." Ya juyo gare ni. "Allah shi yi maka albarka."

Aka kawo min fura a kwanon sha mai murfi, da ƙuli-ƙuli a faranti. Na sha na kama hanya ina waƙa. Ban kai Kusada ba saƙon Sa'a ya shigo: "Ya ce ashe kana da kai." Na tsaya na karanta sau uku.

Da na iso Tafashiya rana ta take. Na rage gudu don in ƙara kallon gonar surukina, haka na fara kiranta a zuciya. Sai na ga wani dattijo a gonar da ke maƙwabtaka, zaune gindin kuka, sungumi a jingine, yana gyaran igiya. Na yi sallama.

"Baba, ba a shuka ne? Ga ruwa ya samu."

"Wane ruwa?"

Na nuna masa ramin da na tona da safe. Ya leƙa, ya dube ni, ya dubi keken, ya fashe da dariya.

"Kai ɗan birni ne ko? Nan ai duk ruwan hanya ke gangarowa. Ko fitsari aka yi bisa hanya nan zai taru. Taho."

Ya ja ni taki ashirin cikin gona ya sa dunduniya ya kwarfi ƙasa. Sama-sama baƙa ce. Ƙasa da gaɓar yatsa biyu, fara fat, busasshiya, har da ɗumi.

"Wanda ya zuba iri nan," ya ce, "zai tsiro, kwana uku rana ta gasa shi. Mu dai muna jira."

Nan take na tuna irin Malam Sada. Kwano shida. Na gado.

Na kira Sa'a, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Ƙauyen nasu in rana ta yi sai ka hau tudu kake samun layi. Na kira Ɗalha, ya fito daga aji.

"Ka yi shiru mana," ya ce. "Wa ya sani, ƙila a yi ruwa gobe, iri ya tashi, ka zama gwarzo."

"In ba a yi ba fa?"

"Sai a ce ƙaddara. Ashiru, in ka koma ka zama wawa sau biyu cikin kwana huɗu. Tsohon nan ba zai ba ka ko akuya ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya na yi tunanin. Na kai minti biyar riƙe da keke, kansa na kallon Kankia. Fura na cikina, albarkar da ya sa min na kunnena. Sai na tuna yadda ya shaƙi ƙasar nan. Na tsuguna tsakiyar gonar na cika leda da ta gaskiya, na juya kan keke.

Wannan tuƙin ba na nishaɗi ba ne. Kwalta na tururi, gorar ruwa ta ƙare, iska zafi kamar bakin maƙera. Ban kalli waya ba, ban san gudun nawa na yi ba. Na dai san na shiga Kaikai ana fitowa daga sallar azahar.

A ƙofar gida ga babur a tsaye, an ɗaure buhun iri a baya, sungumi biyu a gicciye, mutum biyu na naɗe wando. Malam Sada na tsaye da sanda yana ba su umarni. Na yar da keke, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baba, kar su tafi! Ƙasar da na kawo ta bakin hanya ce, inda ruwa ke taruwa. Ban sani ba. Ga ta cikin gona."

Na zazzage ledar a tafinsa. Ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari.

Masu sungumi suka kalli juna. Tsoho ya sa aka miƙo masa ledar safe, ya baje ta a hannu, ya tona da yatsa, ya tsamo 'yar tsakuwa ja irin ta hanya, ya tsamo ta biyu. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na zaci kuka ne. Ashe dariya ce, har sai da ya dafa bango.

"Shekara sittin ina noma! Ga tsakuwar hanya ƙuru-ƙuru, na taɓa ta da safe, na ƙi gani. Ina son shuka kamar mai ƙishirwa. Kai wawa ne, Malam Ashiru, amma yau na fi ka. Ku kwance buhun nan, ku maida shi ɗaka."

Ya zauna kan buzu yana share ido. Ya dube ni, gumi na zuba, leɓe ya bushe.

"Daga Tafashiya ka juyo? Cikin wagga rana?"

"E, Baba."

"Da ka yi shiru ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

Ya jujjuya tsakuwar a hannu. Sannan ya ɗaga murya.

"Sa'a! Kawo ma baƙonki ruwa, kar shi mutu a ƙofata."

Baƙonki. Kun ji dai. Ta fito da mayafi ruwan goro, atamfa shuɗiya, hannu duk man gyaɗa, kai a sunkuye, amma na ga gefen bakinta na motsi. Ta durƙusa ta ajiye kwano, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Yanzu nawa ka yi?" Saura kaɗan ruwan ya fito min ta hanci.

Da ta koma ciki tsoho ya ce, "Wa ke gare ka babba?"

"Kawu Modibbo, ƙanen mahaifina, yana Kunduru."

"Ka ce mai shi taho. Amma ba yanzu ba, hankalina na gona. Ranar da aka yi ruwan shuka, irin nan ya shiga ƙasa, washegari ina jiransu. Ruwan gaske nika nufi, ba irin naka ba."

Yadda na dawo Kankia ban sani ba. Yaya Adama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, sannan ta tsaya ta ce, "To yaushe za a yi ruwan?" Kamar ni ke riƙe da makullin.

Yau kwana tara. Ni da da nake roƙon Allah ya riƙe ruwa ranar Lahadi don in samu hanya busasshiya, yanzu ko gajimare kamar tafin hannu na gani sai na kashe injin walda na fito waje. Kawu Modibbo ya wanke babbar riga ya rataye. Goro na ɗakin Yaya, kullum tana yayyafa masa ruwa tana mita.

Yanzu haka da nake ba ku wannan labarin gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa har sama, iska ta ɗauke, tsuntsaye sun yi shiru. Kwanon shagona ya fara ƙara ɗaya-ɗaya. Ga saƙon Sa'a ya shigo:

"Nan an fara, da ƙarfi. Baba ya ce a tambaye ka, can fa?"

Na rufe shago. Keke na bakin ƙofa, leda na aljihu, kuma wannan karon tsakiyar gona za ni.